Liyonado da Mikelanjelo: A Ina Kyau Yake?

Malama, kin tambaya ko masu zanen Italiya na zamanin farfaɗowar ilimi sun damu da falsafa, ko baiwar hannu ce kawai. Ki jera mutum biyu da suka yi zamani ɗaya a Fulorans, amsar za ta fito.

Liyonado da Binci ya ɗauka kyau yana cikin halitta, ido da awo ke gano shi. Ya bi sahun Alberti, masanin gini da zane, wanda a 1435 ya rubuta yadda ake nuna nisa da kusa a jikin bango ta hanyar lissafi. Ilimin ganin da suka dogara da shi ma yana da saiwa a littafin Ibnul Haisam, wanda aka juya zuwa Latin tun kafin a haife su. Shi ya sa Liyonado ya riƙa yanka gawawwaki yana zana tsoka da jijiya. A zanensa na jibin ƙarshe, wato cin abincin ƙarshe na Almasihu da almajiransa, da ke Milan, duk layukan ɗakin sun haɗu ne a kan hoton Almasihu, ido ba ya da zaɓi sai ya je can.

Mikelanjelo kuwa ya yi ƙuruciya a gidan Lorenzo na Medici, mai iko da Fulorans a lokacin, inda koyarwar Fichino ke tashe, malamin da ya fitar da fassarar Aflatun a 1484. A wurinsu kyawun jiki haske ne daga kyawun Mahalicci, rai ne ke gane shi. Don haka ya ce siffar tana nan cikin dutse tun asali, aikin masassaƙi shi ne cire abin da ya rufe ta. Shi ma ya nazarci gawa, amma bai bar awo ya ɗaure masa hannu ba. Mutum-mutumin Dawuda da ya gama a 1504, mai tsayin fiye da mita 5, kansa da hannun damansa sun fi ƙima girma.

Ba su ga maciji da juna. Liyonado ya rubuta cewa masassaƙi kan yi buɗu-buɗu da ƙura kamar mai gasa burodi, mai zane kuwa yana zaune tsaf da kayansa masu kyau.

Ni zuciyata ta fi karkata ga Mikelanjelo, saboda mutum-mutumin bayin nan da ya bari bai ƙarasa sassaƙawa ba, waɗanda ke Fulorans har yau. Ƙirji da cinya sun fito sumul, sauran jikin yana cikin ɗanyen dutse, sawun kurfi na nan a kai. Duk abin da Fichino ya faɗa kan rai da jiki ya tsare, ana ganinsa a wurin ba sai an buɗe littafi ba.