GCC 4.8.5 da sabuwar laburare: wace hanya ta fi?

Ba a rasa tsohuwar saba mai CentOS 7 (wani nau'in Linux) a ofisoshi da shagunan intanet na Maradi, kuma kompailan da ke cikinta, wato mai mayar da rubutun program manhaja, GCC 4.8.5 ne. C++11, tsohuwar sigar yaren C++, ya iya. Ka kawo masa laburare mai son C++14 ko C++17, kana buga make kurakurai za su cika maka allo. Googletest, laburaren gwajin manhaja, ma haka: 1.12.1 ce ta ƙarshe da ta yarda da C++11, daga 1.13 sai C++14.

Ni dai devtoolset nake ba mutum shawara. Sabon GCC ne yake zama kusa da tsohon ba tare da ya taɓa shi ba. Ka buga scl enable devtoolset-9 bash, tagar umarni ɗaya ta koma GCC 9. Ka rufe ta, komai ya dawo yadda yake. Abin da ya fi burge ni, manhajar da ka gina da shi tana tashi a kan wata CentOS 7 ɗin da ba ta da shi, don sababbin sassan libstdc++, laburaren C++ na GCC, a jikin manhajar yake ɗinke su. Sai dai tun da CentOS 7 ta daina samun tallafi ranar 30 ga Yuni 2024, dole ka juya yum, mai sauke manhajoji, zuwa vault.centos.org kafin devtoolset ya sauko.

A cikin sauran hanyoyin, komawa tsohuwar sigar laburaren ita ce mai sauƙi, amma gyaran tsaro ya wuce ka. Docker, mai gudanar da manhaja cikin keɓaɓɓen akwati, forfen intanet yake sha. Gina GCC daga tushe awoyi ne, a ɗauke wuta a tsakiya ka ji haushi. Gyara rubutun laburaren da hannu kuwa, kowace sabuwar siga sai ka sake.

Wanda ya ce zai lallaɓa da 4.8.5, ya gwada std::regex, sashen binciken rubutu na C++, tukuna. Yana ginuwa lafiya lau, sai manhaja ta tashi ya jefo regex_error, don ba a kammala shi ba sai a GCC 4.9.

Babban abin gudu shi ne fayil ɗin .so, wato ginannen laburare, da wani zai miƙo maka a kilen USB ko ta WhatsApp, wai "an riga an gina, zuba kawai". An taɓa kawo mini irinsa, sai ga kuskure: GLIBCXX_3.4.21 not found, alhali libstdc++ na CentOS 7 a 3.4.19 ya tsaya. Mai kilen ya ce in musanya libstdc++.so.6 da tasa, in taɓa glibc, babban laburaren C na tsarin, ma. Kada ka yarda, Malam; glibc 2.17 ce ke riƙe da sabar gaba ɗaya, in ta lalace ko ls, umarnin jera fayiloli, ba zai amsa ba. Kuma ba ka san abin da aka cusa cikin fayil ɗin ba. A Maris 2024 an gano ƙofar baya ta kutse a manhajar matse fayil xz 5.6.0 da 5.6.1, cikin kunshin da aka fitar a hukumance, balle na kilen da ya zaga kwamfutoci. Sauke daga shafin masu laburaren, ka kwatanta sha256sum, lambar tantance fayil, da wanda suka wallafa kafin ka buɗe kunshin.