Gidan kallon ƙwallo da ke haɗa ma'aikata a Mabera

A unguwar Mabera da ke Sakkwato akwai wani gidan kallon ƙwallo da ma'aikata suka fi yawa a cikinsa, musamman daren Talata da Laraba, lokacin wasannin Gasar Zakarun Turai. Talabijin uku ne a bango, duka a haɗe da DStv, kuma da zarar an ɗauke wuta ake tada janareta.

Babban amfaninsa, a ganina, yana ga sabon ma'aikacin da aka turo daga wata jiha, wanda bai saba da kowa a ofis ba. Idan ya zauna benci ɗaya da shugaban sashensu, suka yi ihu tare don Arsenal ta ci, washegari gaisuwar "Yallaɓai, ina kwana?" takan zarce zuwa zolayar magoya bayan Chelsea, daga nan kuma a fara gayyatarsa ɗaurin aure da suna.

Sai dai fankokin sun yi kaɗan ga zafin watan Afrilu, hayaƙin janareta kuma yana shigowa ta ƙofar baya, don haka gara mutum ya zo da wuri ya kama benci na gaba.