Faifan Dark Side of the Moon da na saya na hannu: allura ta maƙale a gaban Kawu

Wata uku ina bibiyar shafin mutumin nan mai sayar da tsofaffin faya-fayai a Legas kafin ya ɗora abin da nake nema: The Dark Side of the Moon, kundin waƙoƙin ƙungiyar mawaƙan Ingila Pink Floyd, faifan garmaho na gaske, baƙi wuluk a cikin kwalinsa. Kun dai san inda farashin irin waɗannan kaya ya kai yanzu, ba sai na faɗa ba. Sau biyu ina tambayarsa ko akwai karce a jiki, yana ce mini kamar sabo yake, ko ƙura bai sha ba, kuma komai nasa cikakke ne. Na tura kuɗi, ya ba direba, bayan kwana biyu na je tasha na karɓo.

A waya na fara sanin wannan kundi, kuma wayar ta cuce shi. Manhajar da nake sauraro a kai kyauta jujjuya waƙoƙi take yi yadda ta ga dama, ta kuma cusa talla a tsakani. Ga yawancin kundaye wannan ba wani abu ba ne. Amma shi wannan magana ɗaya ce ta kusan minti 43, an kasa ta gida goma, kowace waƙa tana miƙa wa ta gaba hannu ba tare da an yi shiru ba. Da bugun zuciya yake buɗewa, da bugun zuciya yake rufewa, kuma abin da ke tsakani shi ne duk abin da ke cin ran mutum daga haihuwa zuwa kabari: gudun lokaci, tsoron mutuwa, kwaɗayin kuɗi, yaƙi, taɓin hankali. Roger Waters, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, shi ne ya rubuta baitocin duka, kuma inuwar Syd Barrett, abokinsu da ya bar ƙungiyar a 1968 bayan hankalinsa ya raunana, tana kan kundin tun daga fari. Wanda ya yanka irin wannan aiki da tallan sabulu ya kashe shi. Shi ya sa na ce sai faifai.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda shi ne ya sa abin ya yi mini ciwo. Garmahon da nake da shi na Kawuna ne, shi ya ba ni. Ya yi karatu a Ingila a shekarun 1970, ya dawo da wannan faifai a akwatinsa, daga baya ya salwanta a wata ƙaura. Ya sha ba ni labarinsa tun ina makarantar sakandare. Don haka da kayan suka iso ban ko ɗora allura ba, sai da na je na ɗauko shi ranar Asabar bayan la'asar, na ce, "Kawu, yau ga tsohon abokinka na kawo maka."

Ya riƙe kwalin ya daɗe yana kallon zanen nan na gilashi mai kusurwa uku da haske yake ratsawa ya fita kala-kala. Babu sunan ƙungiya a gaba, babu sunan kundi, haka kamfanin Hipgnosis ya tsara shi a 1973. Sai ya ce, "Ɗora mana, ɗana."

Gefen farko dai, wallahi ba ni da abin cewa sai godiya. Bugun zuciyar ya taso a hankali daga ƙasa har na ji shi a tafin ƙafata. Da aka zo wurin agogunan waƙar "Time", waɗanda injiniyan sauti Alan Parsons ya naɗo a wani shagon tsofaffin kaya, sai da yarinyata ta leƙo daga tsakar gida ta ga me ke ƙara. A waya agogunan nan hayaniya ce kawai. A faifai kowanne da inda yake tsaye a ɗakin, wani dama, wani hagu, wani kamar bayan kai. Sannan ga muryar Clare Torry a "The Great Gig in the Sky", inda ba ta furta baiti ko ɗaya ba, kuka ne da shessheka kawai a kan fiyanon Richard Wright. Kawu ya rufe ido, yatsunsa na motsi a kan gwiwa. Shi ya tuna mini cewa fam 30 aka biya matar nan a ɗakin naɗi na Abbey Road, kuma sai a 2005, bayan ta kai ƙara, aka fara rubuta sunanta a cikin marubuta waƙar. A lokacin har na fara tsara yabon da zan rubuta wa mai kayan.

Na juya faifai. "Money" ta shiga da ƙarar sulalla da akwatin kuɗin kanti, da kiɗan nan mai tafiya bugu bakwai-bakwai kamar mai ɗingishi, har sai jitar David Gilmour ta zo ta daidaita shi zuwa huɗu-huɗu. Na ɗan ji ƙas-ƙas a cikin "Us and Them", a ƙarƙashin busar Dick Parry, amma na ce tsohon faifai ne, dole a yi haƙuri da wannan.

Sai ga shi mun zo "Eclipse", waƙar ƙarshe, wadda duk kundin yake tattakawa don ya iso gare ta. Muryoyi sun haɗu, kiɗa yana hawa, saura ƙiris a sauka a koma ga bugun zuciyar da aka fara da shi. Nan allura ta yi tsalle ta koma baya. Ta sake zuwa wurin, ta sake komawa. Kalma biyu suna ta maimaita kansu kamar mai in'ina. Na tashi na ɗaga ta, na goge faifan da ƙyalle mai laushi, na sake ɗorawa. Haka dai. Na ƙara wa hannun allurar nauyi kaɗan, abin da na san ba shi da kyau ga faifai, sai ta tsallake wurin gaba ɗaya ta faɗa cikin shiru. Da na kai faifan bakin taga na karkata shi a rana, sai ga karcen a fili, gajere amma mai zurfi, dab da takardar tsakiya, daidai inda hoton da aka turo mini bai nuna ba.

Kawu bai ce komai ba na ɗan lokaci. Can ya ce, "Ba laifi, ai mun ji mafi yawa." Na san don ya kwantar mini da hankali ya faɗa. Shi da ya fi ni sanin kundin ya san ba a jin mafi yawansa. Da karcen a tsakiyar wata waƙa yake a wani kundi na daban, da na tsallake ta na ci gaba. A nan kuwa an cire ƙulli na ƙarshe, duk saƙar ta warware. Ko muryar nan ta mai gadin ƙofar Abbey Road, Gerry O'Driscoll, da ke magana ƙasa-ƙasa yayin da bugun zuciya ke dusashewa, ba mu ji ta ba. Ita ce Kawu ya fi ba ni labari.

Daren ranar na kira mai kayan. Da farko ya ce zafin mota ne. Zafi yana lanƙwasa faifai, na yarda, amma ba ya karce shi. Sai ya ce allurata ce ta tsufa. Na tura masa bidiyo. Ya ce zai duba ya ga ko akwai wani ya musanya mini.

Kwana huɗu ban taɓa garmahon ba. Da na huce na sake ɗora gefen farko ni kaɗai da dare, sai na ji zuciyata ta yi sanyi, har na fara ce wa kaina ko don waɗannan waƙoƙi biyar kuɗina bai faɗi a banza ba. Ina da What's Going On na Marvin Gaye, na 1971, wanda shi ma waƙoƙinsa a ɗinke suke da juna, labarin wanda ya dawo daga yaƙin Biyetnam ya tarar da gida a hargitse. Ina son The Wall na Pink Floyd ɗin, na 1979, ma, ko da yake faifai biyu ya yi mini tsawo kuma ɗacinsa ya yi yawa. Duk cikinsu babu wanda nake komawa gare shi kamar wannan, kuma gefensa na farko a faifan nan ya fi duk yadda na taɓa jin sa.

Amma da na zo mayar da shi kwali sai wani abin ya sake taso mini. Bugun asali yana zuwa da manyan hotunan bango guda biyu da 'yan takardun mannawa biyu masu hoton dala irin ta Masar. Mutumin ya ce mini komai cikakke ne. Na zazzage kwalin, babu ko ɗaya. Ban damu da hotunan sosai ba, ko da suna nan ba zan manna su a bango ba. Abin da ya dame ni shi ne ƙarya ta zama biyu, kuma wanda ya san ya cire hotuna ya san da karcen.

Yau mako uku ke nan. Saƙonnina biyu na ƙarshe ya karanta bai amsa ba. Duk wanda zai sayi irin wannan kundi na hannu, ya sa mai kaya ya ɗora masa minti biyun ƙarshe na kowane gefe a bidiyo kafin ya tura ko sisi. Jiya Kawu ya kira ni bayan isha'i, muka gaisa, muka taɓa zancen gida, sannan ya ce, "Shin ɗayan faifan ya iso kuwa?" Na ce masa tukuna.