Sharhi kan EAC: saitin da ya dace don kwashe fayafayan CD zuwa FLAC

Exact Audio Copy, wadda aka fi sani da EAC, manhaja ce ta kyauta da wani Bajamushe mai suna Andre Wiethoff ya fitar a 1998. Bayan na yi aiki da ita kan fayafayai iri-iri, na kamfani da waɗanda aka buga a shago, ban ga wadda ta fi ta ba a kan Windows ga mai son ya kwashe sautin faifansa cif-cif, ba ragi ba ƙari. Sai dai saitin da take zuwa da shi bai wadatar ba, musamman ga irin fayafayanmu na nan Legas: karatun Alƙur'ani, tafsiri, waƙoƙin Hausa, waɗanda danshin garin nan ya riga ya fara ci, wasu har funfuna ta fito musu a cikin kwali.

Kafin ma a buɗe EAC, a duba ko faifan ya cancanci wahalar. Sa shi a kwamfuta ka buɗe. Idan ka ga fayiloli masu ƙarewa da .mp3, kamar fayafayan nan da ake sayarwa a Agege ko Alaba masu waƙa ɗari a faifai ɗaya, to ba aikin EAC ba ne, kwafe su kawai kamar yadda kake kwafe hoto. Idan kuwa ka ga Track01.cda, Track02.cda, wannan faifan sauti ne na ainihi. Kada ka kwafe waɗannan .cda ɗin, kowannensu bayit 44 ne kacal, alama ce kawai da Windows ke nunawa, babu sauti a ciki.

Akwai nau'i na uku da ya fi yaudara: faifan sauti ne, amma daga MP3 aka buga shi. Ana gane shi da wata ƙaramar manhaja mai suna Spek. Kwashe waƙa ɗaya ka jefa mata. Idan hoton sautin ya yanke ƙat a daidai 16 kHz, alama ce mai ƙarfi cewa asalinsa MP3 ne na 128 kbps, domin CD na gaske yana iya kaiwa 22 kHz. FLAC, tsarin fayil ɗin da ke matse sauti ba tare da zubar da komai ba, ba za ta dawo da abin da MP3 ta zubar ba. Idan shi kaɗai ne kwafin da kake da shi na karatun wani malami, kwashe shi duk da haka, amma ka rubuta a sunan foldar cewa daga MP3 ne.

Dalilin da ya sa kwafewar gama-gari ba ta isa ba shi ne yadda aka gina faifan sauti. Kowane yanki nasa bayit 2352 ne, duka sauti, yanki 75 a daƙiƙa ɗaya. Faifan bayanai kuwa 2048 kawai yake amfani da su, mafi yawan sauran na gyaran kuskure ne. Don haka idan na'ura ta kasa karanta wani wuri a faifan sauti, sai ta yi kintace ta cike gurbin ta wuce, ba ta gaya wa kowa ba. Nan ne ake samun ɗan "ƙas" ɗin da ake ji a tsakiyar waƙa. EAC tana karanta kowane yanki sau biyu ta kwatanta, in sun saɓa ta yi ta maimaitawa.

Na'urar karanta faifan tana da tasiri fiye da yadda ake zato. Siraran nan na USB da suka cika Computer Village a Ikeja suna aiki, amma suna da saurin zafi kuma ba sa jure karce. Babbar na'ura ta cikin kwamfutar tebur, ko da ta hannu ce, ta fi su ƙarko. In ta USB ce dole, jona ta kai tsaye a jikin kwamfuta, ba ta mahaɗa mai baki da yawa ba, domin ƙarancin wuta yana sa ta tsaya ana tsakiyar karatu. Kuma laftof mai batiri mai kyau ta fi, saboda ɗauke wuta.

Da ka buɗe EAC karo na farko za ta yi maka 'yan tambayoyi. Zaɓi ingancin sakamako a kan sauri, sannan a ƙarshe zaɓi cewa kai gwani ne, in ba haka ba za ta ɓoye maka rabin saitin. Daga nan danna F10, saitin na'ura. A shafin Extraction Method zaɓi Secure mode. Akwai akwatuna uku a ƙarƙashinsa. Na Accurate Stream sa masa alama, kusan duk na'urorin zamani suna da shi. Na Drive caches audio data ma sa masa, ko da gwajin EAC ya ce na'urarka ba ta yi. Ga dalili: na'ura da yawa tana riƙe abin da ta karanta a ɗan ma'ajinta, to idan EAC ta ce a sake karantawa, sai ta miƙo abin da ta riƙe maimakon ta koma kan faifan. Karatun biyu su zo ɗaya, EAC ta ɗauka lafiya lau, alhali kuskuren ne aka maimaita mata. Sa alamar yana tilasta a zubar da ma'ajin kafin karatu na biyu. Aiki zai ragu da sauri sosai, amma in babu wannan, Secure mode suna ne kawai. Akwati na uku, na C2, cire alamarsa. Idan yana kunne, EAC tana karantawa sau ɗaya ta dogara ga na'urar ta faɗi inda ta yi kuskure, kuma ba kowace na'ura ke faɗin duka ba.

A shafin Drive danna Autodetect read command now da faifai a ciki. A shafin Gap Detection zaɓi Method A da Secure, in ya maƙale a koma B ko C.

Shafin Offset / Speed ne ke rikita mutane. Kowace na'ura tana fara karatu da ɗan kaucewa daga ainihin wurin, kuma kowane samfuri da nasa adadin: da yawa +6 ne, wasu +102, wasu +667. CD tana da ɗigon sauti 44,100 a daƙiƙa, don haka ko +667 ɗin kusan kashi 15 cikin 1000 na daƙiƙa ne kawai, kunne ba zai ji ba. Amfanin gyara shi shi ne sakamakonka ya zo daidai da na wata na'urar, a iya kwatantawa. Hanya mafi sauƙi: kana kan intanet, sa wani sanannen faifan kamfani na ƙasar waje, sai taga ta AccurateRip, ma'ajiyar intanet da ke kwatanta sakamakon masu kwashe faifai, ta fito ta nemi ka danna Configure, ita za ta cike lambar. Faifan da aka buga a shago ba zai tayar da tagar ba. In ba ka da irin wancan faifan, nemi sunan na'urarka a jerin da ke shafin AccurateRip ka rubuta lambar da hannu. Sa alama a Allow speed reduction during extraction. Overread kuwa, wato karanta ɗan gaba da iyakar sautin faifan, bar shi a kashe sai in ka tabbatar na'urarka tana iyawa, don in ba ta iyawa za ka ga kuskure a ƙarshen waƙar ƙarshe na kowane faifai.

F9 shi ne babban saiti. A Extraction sa alama a Fill up missing offset samples with silence da Synchronize between tracks, cire ta daga Delete leading and trailing silent blocks, sannan mayar da Error recovery quality zuwa High. A nan ma akwai wurin da za ka ce na'ura ta huta bayan wasu mintuna na aiki, kuma a zafin watan Maris yana da amfani. Shafin Normalize kada ka taɓa shi: yana canza ƙarfin sauti, da zarar ya canza kuwa abin da ka ajiye ba shi ne na faifan ba. A Tools cire alamar beginner mode in tana nan, ka sa a Automatically write status report after extraction. A Filename rubuta %tracknr2% - %title% don waƙoƙi su jeru 01, 02, kada 10 ta riga 2.

F11 ne wurin FLAC. A External Compression sa alama a Use external program, zaɓi User Defined Encoder, ƙarshen suna .flac, ka nuna mata flac.exe da ke cikin foldar Flac inda aka girka EAC. A layin umarni rubuta:

-8 -V -T "ARTIST=%artist%" -T "TITLE=%title%" -T "ALBUM=%albumtitle%" -T "DATE=%year%" -T "TRACKNUMBER=%tracknr%" %source% -o %dest%

Lambar -8 matakin matsewa ne, daga 0 zuwa 8. Sautin ɗaya ne a duk matakan, girman fayil ne kawai ke ɗan bambanta, don haka kada wani ya ce maka -5 ta fi daɗin ji. -V tana sa a warware fayil ɗin a kwatanta da asali tun ana matsewa. Wurin zaɓen Bit rate da ke ƙasa ba ya yi wa FLAC komai. Sa alama a Delete WAV after compression, amma cire ta daga Add ID3 tag. FLAC tana da nata tsarin rubuta suna, cusa mata ID3 yana sa wasu na'urori su ƙi buɗe fayil ɗin.

Wajen sunayen waƙoƙi, kada ka sa rai da intanet. Tsohuwar ma'ajiyar freedb an rufe ta a 2020, kuma waɗanda suka rage, irin su MusicBrainz da gnudb, da wuya ka samu faifan Hausa a cikinsu. Da hannu za ka rubuta, kafin ka fara kwashewa. Harufa masu lanƙwasa, ɗ da ƙ da ɓ, suna zama lafiya a cikin bayanan FLAC, amma rediyon mota da yawa yana nuna su a matsayin akwatuna. Shawarata a bar sunan fayil da d, k, b, a gyara na ciki daga baya da manhajar Mp3tag.

Kwashewar kanta: danna F4 a gano tazarar da ke tsakanin waƙoƙi, a menu na Action zaɓi Append Gaps To Previous Track, ka ƙirƙiri CUE sheet, ɗan fayil mai nuna jerin waƙoƙin da tazararsu, ka zaɓi wanda aka rubuta wa Noncompliant a ƙarshe, sannan Shift da F6, wato Test & Copy. Za ta karanta kowace waƙa a zagaye biyu, na gwaji da na kwafi, ta ba kowanne lambar CRC, lambar tantancewa da ake lissafawa daga abin da aka karanta.

Nan ne fayafayanmu suka bambanta da na Turai. Mai faifan da ya shahara zai ga Accurately ripped da wata lamba, ma'ana mutane kaza sun kwashe wannan faifan sun samu sakamako iri ɗaya da nasa. Mu kuwa mafi yawan lokaci Track not present in AccurateRip database za mu gani. Ba laifi ba ne, ba wanda ya taɓa aika bayanin faifan ne kawai. Shaidarka ita ce Test CRC da Copy CRC su zo ɗaya, kuma rahoton ya ce No errors occurred. Duk da haka shaidar ba cikakkiya ba ce, domin na'ura ɗaya tana iya yin kintace iri ɗaya a wuri ɗaya sau biyu. Ga faifan da ba za a sake samun irinsa ba, sake kwashe shi da na'urar wani kamfanin daban wadda aka gyara mata lambar kaucewa. In CRC ɗin ya zo ɗaya a na'urori biyu, ka kwantar da hankalinka. Shi ya sa nake ganin Test & Copy ya zama dole a gare mu, ko da yake yana ninka lokaci.

Idan faifai ya karce, za ka ga layukan jan haske suna cika a tagar aiki. Kowane layi karatu 16 ne, a High har layi biyar, in ba a dace ba sai rahoton ya rubuta Suspicious position da mintin da abin ya faru. Kafin ka bar na'ura ta kwana tana wahala, tsaya ka wanke faifan da ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke, ka goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba, domin karcen da ya bi layin karatu shi ne mafi muni. Ka yi hattara da ɓangaren rubutu, nan ne sautin ya fi kusa da waje. Ɗaga shi ga haske, in ka ga 'yan ramuka haske na ratsawa, wurin ya tafi, ba saitin da zai dawo da shi. Wani lokaci Burst mode, wato karatu mai sauri ba tare da maimaitawa ba, tare da Test & Copy yana wuce wurin da Secure ya maƙale. Ka saurari mintin da aka yi zargi, sau da yawa ba a jin komai.

Aibin EAC a bayyane yake. Fuskarta ta tsufa, saitin yana warwatse, ba ta bayyana dalilin komai, kuma Windows kawai take yi. Mai Mac ya nemi XLD. dBpoweramp ta fi sauƙi da sauri, amma ta kuɗi ce, kuma saurin nata ya fi fitowa ne a fayafayan da AccurateRip ta sani, abin da namu suka rasa.

Batun wuri, minti ɗaya na CD kusan megabayit 10 ne kafin matsewa, FLAC kan mayar da shi rabi zuwa kashi biyu cikin uku. Faifai 100 masu awa ɗaya-ɗaya za su ci wajen gigabayit 30 zuwa 40. Ajiye rahoton da CUE a folda ɗaya da waƙoƙin, ka yi kwafi biyu a wurare daban. In filash za ka saya, gwada shi da H2testw kafin ka zuba masa komai, don akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi. Na mota da na tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp kuwa, fitar da MP3 daga FLAC ɗin da manhajar foobar2000 a matakin inganci na V2, ka bar asalin yadda yake.