Yadda Aka Dasa wa Baba Na'urar Bugun Zuciya a Wani Asibitin Alkahira

Ranar da Baba ya yanke jiki ya faɗi bayan sallar la'asar, bugun zuciyarsa 34 ne a minti guda, alhali na mai lafiya yana tsakanin 60 da 100. Gwaji ya nuna saƙon lantarki daga ɗakunan saman zuciya ba ya isa ɗakunan ƙasa, kuma babu maganin sha da zai gyara wannan sai an dasa na'ura. Mun kai shi wani asibiti mai zaman kansa a Alkahira, kuma abin da ya fi burge ni da sashen zuciyarsu shi ne, kafin a yi maganar kuɗi, likitan ya ɗauki takarda ya zana mana zuciya, ya nuna mana wuraren da za a iya kafa bakin wayar da ke kai wuta daga na'urar zuwa zuciya.

Da ma ban san akwai zaɓi ba. Hanyar da aka daɗe ana bi ita ce a zura waya ta jijiyar da ke ƙasan ƙashin wuya, a kafa ta a can ƙurewar ɗakin ƙasa na dama. Tana da sauƙi kuma ba ta cika gocewa ba, sai dai tana sa ɓangaren dama ya riga na hagu matsewa, wanda a wasu mutane yakan raunana zuciya idan shekaru suka ja. Wannan ya shafi Baba kai tsaye, domin kusan kowane bugu nasa na'urar ce za ta tayar. Akwai kuma kafa wayar a kan tarin zaren His, wato asalin hanyar da lantarkin zuciya ke bi, dabarar da aka fara ba da rahoton nasararta a shekarar 2000. Bugun da take bayarwa ya fi kama da na halitta, amma wurin ƙanƙane ne, kuma sau da yawa yakan buƙaci ƙarin wuta, batir ya yi saurin ƙarewa. Ƙaramar na'ura marar waya irin Micra likitan ya ambace ta a taƙaice, ya ce ba ita ta dace da Baba ba.

Abin da ya ba da shawara shi ne a murɗa wayar cikin katangar da ta raba ɗakunan ƙasa biyu har ta kai reshen hagu na hanyar lantarkin zuciya, dabarar da likitocin Wenzhou a ƙasar Sin suka bayyana a 2017. Bai ɓoye mana cewa sabuwa ce ba, kuma wayar na iya huda katangar idan hannu bai ƙware ba. Da Baba ya tambaya, "Likita, ko zan iya sujada?", sai ya amsa masa da cewa zai iya, illa dai kada ya ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa na wasu makonni. An yi aikin da allurar kashe zafi yana farke, aka sa waya biyu, washegari ya taka da ƙafarsa.

Inda suka gaza, kuma har yau abin yana damuna, shi ne shirin komawa gida. Kowane kamfani yana da nasa injin duba na'ura, amma babu wanda ya tambaye mu ko akwai na kamfanin da suka zaɓa a kusa da mu. Takardar sallamar ma ba ta faɗi inda aka kafa wayar ba, sai da na koma sau biyu kafin a rubuta. Duk wanda zai kai nasa can, ya fara tambayar likitan zuciya na gida wane injin yake da shi, sannan ya nemi a rubuta masa sunan na'urar da matsayin wayar kafin ya hau jirgi.