Komawa gida daga Santiago: jirgin ƙasa ko bas, da tarkon masu sayar da tikitin bogi

Kwana biyar na yi ina taka ƙasa daga Sarria zuwa Santiago de Compostela, wajen kilomita 115, kuma sai da na kusa isa na tuna cewa ƙafafun da suka kawo ni ba su za su mayar da ni Madrid ba. Ga wanda bai sani ba, tattaki ne da ake yi a arewacin Sifaniya zuwa majami'ar da Kiristoci suka yi imani a nan aka binne Yakubu, almajirin Yesu. Ba a ba mai tafiya da ƙafa takardar shaida sai ya taka aƙalla kilomita 100, wasu ma tun daga Saint-Jean-Pied-de-Port ta Faransa suke tasowa, kusan kilomita 800, tafiyar wata guda da 'yan kwanaki. A 2024 kusan mutum rabin miliyan ne suka karɓi takardar. Duk jama'ar nan dole su fice daga ƙaramin gari guda, akasarinsu a watannin zafi, shi ya sa neman kujera yake zama aiki.

Sau biyu na yi tattakin, sau ɗaya na koma a bas, sau ɗaya a jirgin ƙasa, kuma ba zan ɓoye ba, ni ɗan jirgi ne. Tun da aka buɗe layin gudu zuwa Ourense a Disambar 2021, jirgin kamfanin Renfe yana kai mutum tashar Chamartín ta Madrid cikin sa'a uku da ɗoriya, ta Ourense da Zamora. A da sai an haura sa'a biyar. Amma ba saurin kaɗai ya saye ni ba. Wanda ya yi mako ko wata yana tafiya, ƙafarsa ta saba motsi, in ya naɗe ta wuri guda sai ta kumbura ta cika takalmi. A jirgi kana iya tashi ka zaga daga wannan tarago zuwa wancan, ka miƙe gwiwa, ka shiga bayi ba tare da ka roƙi kowa ya tsaya ba. Jakar goyonka tana saman kanka ko a bakin ƙofa inda idonka yake kai. An yarda ka shiga da kaya uku da nauyinsu bai wuce kilo 25 ba, wanda ko rabinsa mai tattaki ba ya ɗauka. Sandunan dogarawa ma suna wucewa, saɓanin filin jirgin sama inda sau da yawa ake hana shiga da su a hannu. Abin lura kawai, ana saka kaya a na'urar bincike kafin a hau, don haka wuƙar da ka riƙa yanka burodi da cuku a hanya tana iya tsayawa a nan.

Akwai wata garaɓasa da mutane da yawa ba sa amfana da ita. Tikitin dogon zango na Renfe yana zuwa da lambar da za ka ciri tikitin jirgin cikin gari kyauta, kuma daga Chamartín akwai wanda yake shiga har tasha ta huɗu ta filin jirgin saman Barajas. Mai shirin wucewa gida ta sama a ranar, wannan ya ishe shi.

Aibin jirgin guda ne, farashinsa ba ya zama wuri ɗaya. Ka saya da wuri ka samu sauƙi, ka bari sai gobe-gobe ka biya ninki, ko ka tarar an cika, musamman daf da 25 ga Yuli, ranar bikin Yakubu. Ga shi kuma mai tattaki bai da tabbacin ranar isa, bororo ɗaya a diddige ya isa ya ƙara maka kwana. Shawarata, kada ka ɗauki mafi araha da suke kira Básico, ƙara kaɗan ka ɗauki Elige mai sassaucin sauya rana. Kuma kada ka sa tafiyarka a ranar da za ka shiga gari. Ofishin maziyarta na titin Rúa das Carretas, inda ake karɓar takardar shaida, yana da layi, majami'ar ba a shiga da jakar goyo, kai kuma za ka so ka zauna a dandalin Obradoiro da ke gaban majami'ar ka ga waɗanda kuka yi ta haɗuwa a hanya suna isowa. Kwana, ka tafi da safe.

Bas zuwa Madrid sa'a takwas ne zuwa tara, ya fi araha, kuma in ban da wanda ya rasa kujerar jirgi ban ga mai zaɓensa ba. Inda bas ya yi nasara shi ne hanyar Porto ta Fotugal: ALSA da FlixBus suna zuwa kai tsaye cikin sa'a uku zuwa huɗu, alhali jirgi sai ka sauka a Vigo ka jira wani mai tashi sau biyu a rana, kuma Vigo tasha biyu gare ta, Urzáiz da Guixar, na Porto daga Guixar yake tashi. Riƙe fasfo ko katin zamanka a jikinka, kuma ka tuna agogon Fotugal yana bayan na Sifaniya da sa'a guda. Jirgin sama daga Lavacolla, filin jirgin Santiago, kuwa, in ka haɗa zuwa fili da jira da kuɗin jaka, sai ka ga ribar ta zube.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta wannan. A tafiyata ta farko, ina kwance a masaukin maziyarta a Arzúa, ido ya yi nauyi, na rubuta Santiago da Madrid a waya ina neman tikitin jirgi, na danna abin da ya fito a sama. Talla ce, ban lura ba. Launin shafin, hoton jirgin, jerin lokuta, komai kamar gaske. Na biya, aka turo mini tikiti har da lambar tarago da ta kujera. Bayan kwana uku na miƙa wa ma'aikaciya wayata a bakin shiga, ta haska sau biyu, ta dube ni da tausayi ta ce wannan lambar ba ta cikin tsarinsu. Jirgin ya cika. Daren nan a bas na kwana, duk tashar da aka tsaya aka buɗe wurin kaya sai na leƙa taga in ga ko jakata ta sauka da wani. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake, don haka ku yi mini uzuri in na tsawaita.

Da hannunka za ka rubuta adireshin kamfanin, ko ka sauke manhajarsu, kada ka bi talla. Akwai shafukan dillalai na halak waɗanda tikitinsu yana aiki, sai dai suna ɗora kamasho, kuma ranar da kake son sauyi kamfanin zai ce ka koma inda ka saya. Tsakanin dillalin halak da ɓarawo, mai gajiya ba ya iya bambancewa a ƙaramin allon waya. Sai masu shiga zaurukan Facebook da WhatsApp na maziyarta suna cewa sun fasa tafiya, za su sayar da nasu a rabin kuɗi. Hoton tikiti ɗaya ana iya tura wa mutum goma, wanda ya riga isa ƙofa shi ya ci. Haka saƙon da zai shigo cewa an samu matsala a biyanka, danna nan ka sake saka lambar kati, ko direban da ya ce zai rage maka hanya amma ka fara biya ta wata mahaɗa da zai turo. Share kawai.

A ƙasa ma ba a tsira ba. Bayan Sarria akan gamu da masu riƙe da allo da biro suna nuna su kurame ne, ka sa hannu ka ba da gudummawa, babu wata ƙungiya a bayansu. A manyan tashoshin Madrid kuwa, mai kirkin da ya matso zai taya ka danna injin tikiti, aljihunka yake aunawa, kuma ƙwaryar kifin da ka rataya a jaka, alamar masu tattakin, ta riga ta gaya masa baƙo ne kai mai gajiya.

In katinka ya ƙi aiki a shafin kamfanin, wanda yakan faru da katunan wasu ƙasashe, kada ka koma neman wani shafi. Tashar jirgi da ta bas a Santiago yanzu a haɗe suke, gada ce tsakaninsu, tafiyar minti goma sha biyar zuwa ashirin daga majami'a, gangara ce ma. Je ka da kanka tun ranar da ka iso, ka tsaya gaban mai sayarwa, ka karɓi takarda a hannu.