Karammiski ko Allon Kok: Wanne Ya Dace da Bajojinka?

Duk wanda ya tara bajojin Ranar Ƙasa ta Saudiyya, 23 ga Satumba, da na Ranar Kafuwa, 22 ga Fabrairu, wata rana zai so jera su a akwatin gilashi mai zurfi. Sai maganar shimfiɗar baya.

Allon kok ɓawon itace ne, Fotugal ce ta fi kowa samar da shi. Yana riƙe allurar bajo gam, in ka cire ramin ya kusa rufewa. Amma siriri bai isa ba, allurar za ta huda shi ta tokari katako. Kuma launinsa na ƙasa yana dusashe ruwan zinari.

Ni karammiski nake so, a shimfiɗe kan soso mai tauri. A ɗakina na Jidda baƙin karammiski na sa, sai koren bajon nan mai takubba biyu da dabino ya fito fes. Kada ka sa kore a kan kore, ɓacewa zai yi. Aibin karammiski ƙura, sai ka riƙa bi da burushi mai laushi. Ka guji na ulu: sinadarin sulfa da ke cikinsa yana baƙanta azurfa, ga kuma damshin tekun Jidda.